Tabon Almakashin Da Na Goge

Ni ba mai zurfin boko ba ne. Na gama firamare a Kano, na taɓa sakandare na bari, sauran karatuna a rumfar mahaifina na yi shi, cikin masu sayar da duwatsun wuya da tsakiya da murjani a kasuwar Kurmi. Ban faɗi haka don a yi mini uzuri ba. Ji da kai ne ya kai ni ga ɓarnar da zan ba da labarinta, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kanta.

Na sauka Amurka a tsakiyar shekarun tamanin, cikin hunturu, da jaka ɗaya da takalmi sau-ciki. Wanda ya kira ni Sabo ne, ɗan unguwarmu da ya riga ni zuwa. Ya ce akwai makarantar koyon gyaran wuta, akwai aiki, akwai ɗaki. Ɗakin dai na same shi, a can saman wani dogon bene a Alexandria, cike da maza ana kwana bi da bi. Makaranta ban ga ko ƙofarta ba. Aikin kuwa wanke-wanke ne a wani gidan abinci, da sunan wani mutum da ban taɓa gani ba, kuma Sabo ke karɓar albashin, ya yaga mini abin da ya ga dama. Fasfona ma a hannunsa yake.

Ni ma ba wanke ni zan yi ba. Duk wanda zai tafi gida sai in ba shi hotona ina jingine da motar da ba tawa ba, ya kai wa mahaifiyata. Ina jin yunwa, ina aika ƙarya.

Ranar da na matsa wa Sabo kan fasfona, ya wurgo mini shi, ya ɗauki jakata ya ajiye a bakin lif.

"Tunda ka waye, ga gari nan," in ji shi. Ya rufe ƙofa.

Na je tashar jirgin ƙasa na zauna a benci da rana tsaka, ban san inda zan nufa ba. Yatsun ƙafata sun daina jin komai. Ina ta maimaita Innalillahi, ashe a fili nake yi.

"Kai, wane ne wannan ke salati da bakin Kano?"

Na ɗaga kai. Wata mata ce doguwa, da farar rigar asibiti a ƙarƙashin ƙatuwar kwat. Sunanta Rifkatu, nas ce, 'yar Filato, Kirista, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta dubi takalmina ta girgiza kai.

"Wannan takalmin zuwa ɗaurin aure ka zo da shi Amerika? Tashi, ɗan Kano, kafin a yanke maka yatsu."

Ta saya mini shayi, ta saurari labarina ba ta katse ni ba. Sannan ta ce akwai wani tsoho da take dubawa a Laurel, mutumin Japan, matarsa ta rasu, idonsa ya yi rauni, yana neman wanda zai zauna da shi.

"Amma ka ji ni da kyau. Da sunana zan kai ka. In ka ɗauki ko cokali, ni ka kashe."

"Wallahi, Anti, ban taɓa sata ba."

"To. Abin da aka sa ka shi za ka yi. Ban da iyayi irin naku na Kanawa."

Na yi dariya a lokacin.

Sunan tsohon Hayashi. Na riƙa ce masa Baba, bai hana ba; shi kuma sunana Ilyasu ya yi masa tsawo, sai ya mai da ni Iliya. Ɗan siriri ne, ba ya son magana. Kafin ya yi ritaya, aikinsa hura kwalaben gilashi na ɗakunan bincike, shi ya sa garejinsa ke cike da kayan aikin gilashi. Ya ba ni ɗakin ƙasa. Aikina shara, dafa shinkafa, kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, da riƙe masa hannu in za mu kanti. Da ya ga ina ta jujjuyawa da dardumata, ya sauko da kamfas mai nuna gabas da yamma, ya sa na gaya masa inda Makka take a taswira, ya manna jan tef a bango saitin alƙibla. Naman alade kuma bai sake shigowa da shi gidan ba. Bai taɓa ce mini ga dalili ba.

Cikin makon farko ya same ni zaune a matakala, na haɗa kai da gwiwa. Kewar gida ce. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wani ɗan ƙwallon gilashi irin wanda yara ke wasa da shi, wanda Turawa ke kira mabul. Kore ne, da farin zane a nannaɗe ciki kamar katantanwa. A gefe ɗaya yana da ɗan tabo siriri mai kaushi.

"Riƙe," ya ce. "Hannu yana son abin yi."

Tun daga ranar bai bar aljihuna ba. In zuciyata ta ɓaci sai in riƙa murza tabon nan da babban yatsa.

Irinsa akwai cike da wani akwatin katako da yake naɗewa cikin shuɗin ƙyalle, a saman kabad ɗin ɗakinsa. Da yamma yakan sauke shi, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana murzawa, ido a rufe. Ban taɓa tambayarsa labarinsu ba. A raina na ce tsufa ne, ya koma wasan yara.

Da sanyi ya wuce, sai na ga tsohon ya canza. Ya sa na kai kwat ɗinsa guga. Ya ce ranar Asabar za a yi baje kolin tsofaffin kaya a Gaithersburg, kuma wani Bature mai suna Mista Walta, wanda ke rubuta littafi don masu tara irin waɗannan ƙwallaye, zai zo tun daga Ohio ya ga akwatin. Ya daɗe yana roƙon mutumin ya zo. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan.

Ranar Alhamis Anti Rifkatu ta zo kai shi asibitin ido. Kafin su fita ya ɗora akwatin a teburin kicin.

"Ka wanke su, Iliya. Ruwa mai ɗumi da tsumma. Ruwa da tsumma kawai."

Na wanke su. Da suka bushe na jera su a tawul gaban taga, rana ta ratsa su, ja da shuɗi da ruwan zuma. Sai idona ya tsaya kan tabon. Kowanne yana da shi.

A rumfarmu ta Kurmi, in aka kawo tsofaffin duwatsun wuya daga ƙauye, mahaifina ba ya yarda ko ɗaya ya hau faranti da kaushi a jikinsa. Zai zaunar da ni da mawashi da ƙoƙon ruwa, in yi ta guga har harshe ya bi kan dutsen bai ji komai ba. Ya taɓa marina saboda tsakiya ɗaya da na bari da ƙarzo. A wurinmu, fito da kaya mai tabo gaban baƙo raini ne ga baƙon, abin kunya ne ga mai kayan. Na dubi ƙwallayen nan na ce: tsohon nan ba ya gani sosai, bai san kayansa duk tabo ba ne, zai je ya ji kunya gaban Bature. Gaskiyar kuma, da na ƙi faɗa wa kaina a lokacin, ita ce na gaji da zama mai shara. Ina so a san ni ma ɗan sana'a ne.

A gareji akwai injin gugar gilashi, dutse mai juyawa da ruwa ke ɗiga a kai, da faifan laushi na ƙyalƙyalawa. Na taɓa ganin ya kunna shi. Na gwada da ɗaya. Tabon ya tafi kamar ba a taɓa yinsa ba. Na ɗauki na biyu. Har waƙa na riƙa yi. Kafin la'asar na gama da su duka, ban bar ko ɗaya ba. Na mai da su akwati, na naɗe ƙyallen yadda yake naɗewa. Da ya dawo an rufe masa ido ɗaya da bandeji, ya tambaya, na ce an gama. Ya shafa ƙullin, ya ce kada a sake buɗewa sai can. Na ji daɗi, don so nake ya ga abin mamakin a gaban mutane.

Ranar Asabar da safe Anti Rifkatu ce ke tuƙi, Baba a gefenta da kwat da laktaye, ni a baya da akwatin a cinya. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo ba sai ranar.

Ya ce a ƙasarsu, tun zamanin kakanninsa, akwai wani lemo da ake sayarwa a kwalba wadda ba ta da murfi, sai ɗan ƙwallon gilashi a wuyanta, iskar lemon ke tura shi ya toshe bakin. Yara kan fasa kwalbar su ciro ƙwallon su yi wasa.

"Yara ko'ina ɗaya ne," in ji Anti Rifkatu.

"Ni ma na fasa," ya ce. "An dake ni."

Ya ce da masu aikin gilashi na garinsu, Osaka, suka ga haka, sai suka fara yin ƙwallayen musamman don wasa, masu launi. Mahaifinsa yana cikinsu. A lokacin inji bai karɓe aikin duka ba. Mutum zai tsoma sandar ƙarfe a tanderu, ya ɗebo narkakken gilashi yana juya sandar, juyin nan ne ke nannaɗe launin. In gilashin ya zubo, sai a datse shi da almakashi, ya faɗa cikin abin da ke mulmula shi. Ana zuba su a kwalaye a kai ƙasashen waje. Sunan ƙasar a jikin kwali yake, kwali kuwa yarwa ake yi, ƙwallo ba rubutu a jikinsa. Bayan yaƙi sai injuna suka riƙa fitar da masu araha, waɗanda ake kira idon kyanwa, suka cika Amurka. Tun daga nan duk wanda ya ji an ce ƙwallon Japan sai ya taɓe baki. Tsofaffin na hannu kuwa, in masu tarawa suka tsince su, sai su ce na Jamus ne ko na Ohio.

"Aikin babana ne, suna kiransa da sunan wasu," ya ce. "Wutar yaƙi ta ci wurin aikin, ta ci shi. Akwatin nan kaɗai ya fita, don yana gidan gwaggona a ƙauye."

"To, Baba, ta yaya za ka nuna wa Baturen nasa ne?" in ji Anti.

Ya ɗaga babban yatsansa.

"Tabon almakashi. Inda aka datse gilashin, alama ba ta ɓacewa. Ta Jamus daban, ta Ohio daban. Ta babana siririya ce, ta ɗan karkace, kamar ido a rufe, don bahago ne. In mutum ya ga ɗaya zai ce dace ne. In ya ga akwati guda, duka hannu ɗaya, ba shi da ta cewa."

Ban san sanda gumi ya jiƙa mini riga ba. Akwatin ya yi mini nauyi a cinya kamar an ɗora mini bulo. Anti Rifkatu ta kalle ni ta madubi, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Kai, lafiya? Ka yi fari kamar wanda ya ga gawa."

"Mota ce ke juya mini ciki, Anti."

Ta ratse gidan mai. Na bar akwatin a kujera na fita, ta biyo ni bayan ginin. A nan na gaya mata. Ta zaro ido.

"Duka?"

"Duka."

"Yesu. Me aka ce ka yi?"

"Ruwa da tsumma."

"Me na gaya maka a tasha? Me na ce maka kan iyayi?" Ta dafe kai. "Gara a ce sata ka yi, Ilyasu. Abin sata ana dawo da shi."

Bayan gidan man akwai titi, akwai tashar bas, fasfona yana aljihuna. Na dubi wajen. Ta ga inda nake kallo.

"Ka gwada. Wallahi ka taka titin nan, ni da kai har gaban Allah. Koma ka gaya masa yanzu, kafin ya buɗe gaban mutane."

Na ce to. Na koma mota, na buɗe baki, sai ya juyo da bandejinsa yana murmushi, ya miƙo mini alewar na'ana'a saboda cikin. Na karɓa. Na yi shiru. Duk sauran tafiyar Anti tana watso mini ido ta madubi, ni ina kallon ƙafata. Ina ce wa kaina in mun wuce gadar can zan faɗa, in mun tsaya a danja zan faɗa. Wannan shirun ya fi gugar muni, don gugar ban san me nake yi ba, shirun kuwa na sani.

Zauren baje kolin ƙato ne, tebura jere, tsofaffin agoguna da fitilu da kwalabe, mutane na ta kai da komo. Mista Walta ya iso kafin mu gama zama, wani jibgegen mutum mai fara'a, da kyamara a wuya da madubin duba ƙananan abubuwa a hannu. Wasu masu tarawa suka matso. Baba ya miƙe ya rusuna masa. Ya kwance ƙyallen a hankali, ya ninke shi, ya ɗaga murfin.

"Kai, suna sheƙi," in ji Mista Walta.

Baba ya ɗauki ɗaya ba tare da ya duba ba. Na ga babban yatsansa yana zagaya shi. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya ɗauki na uku. Sai ya tsoma hannu har ƙasan akwatin ya ɗebo, yana murzawa da sauri, wasu na zubewa a tebur suna gangarawa. Anti ce ke tare su. Numfashinsa kawai nake ji.

Mista Walta ya kara madubi a ido, ya juya ɗaya, fara'arsa ta ragu.

"Malam Hayashi, an goge waɗannan. Kwanan nan ma. Ka san in an goge, ba abin da zan iya cewa a kansu."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ce dama ya san za a rina, mai son ɓoye asalin kaya shi ke gogewa. Yana nufin tsohon maƙaryaci ne. Wannan ne ya buɗe bakina, ba jarumta ba.

"Ni ne," na ce. Turancina na karyewa. "Bai sani ba. Ya ce in wanke, ni na sa a inji. A garinmu ba ma nuna wa baƙo kaya mai tabo. Kowanne yana da alamar, na rantse, da idona na gani, da hannuna na cire."

Ina maganar hannuna yana aljihu, yatsana na murza abin da ya saba murzawa. Sai na ji kaushin. Koren nan da ya ba ni. Duk wunin da na yi a gareji ko sau ɗaya bai zo mini a rai in goge shi ba, don tabon nasa nake so. Na fito da shi na sa a tafin hannun Baba.

Yatsansa ya same shi nan take. Ya tsaya a kai. Sannan ya miƙa wa Baturen.

Mista Walta ya daɗe yana dubawa. Ya ce bai taɓa ganin yanka irin wannan ba, ba na Ohio ba ne, bai kuma yi kama da na Jamus ba. Ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe. Amma ya ce gaskiya ɗaya ba ya isa hujja. Iyakar abin da zai iya rubutawa a ƙarƙashin hoton shi ne wataƙila na Japan ne. Sunan mahaifin ba zai shiga ba. Baba ya rusuna ya yi masa godiya, ya naɗe akwatinsa da kansa.

Muka kamo hanyar gida har muka kusa Laurel. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Bai juyo ba.

"Babana kunyar tabon nan yake ji," ya ce can. "Mai wurin aikin ba ya ba su lokacin gogewa. Da ya ga aikinka, da ya ce hannunka yana da kyau." Ya shafa ƙullin ƙyallen. "Amma shi ya tafi. Ni kuma wurin nan kaɗai nake taɓa hannunsa."

Bai yi mini faɗa ba, bai kira 'yan sanda ba. Bayan 'yan kwanaki ya gaya wa Anti Rifkatu ta nema mini wani wuri, ya ce ba ya jin haushina, amma in ya ji takuna a gareji ba ya iya cin abinci. Ita ce dai ta sake tsaya mini, duk da ta yi wata ba ta amsa gaisuwata da kyau. Ta samo mini aikin dako a wani sito, da gado a gidan wasu 'yan cocinsu.

Ranar da zan tafi na same shi a kicin, koren yana gabansa a cikin ɗan kofin shayi. Na durƙusa na yi masa sallama irin ta gida. Ya buɗe akwatin, ya laluba, ya ɗauko ɗaya cikin waɗanda na goge, shuɗi, ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai.

"Hannu yana son abin yi, Iliya."

Ban sake ganinsa ba. Anti ce ta gaya mini rasuwarsa, ta ce da koren a hannunsa aka same shi.

Shuɗin yana nan a aljihuna, ya biyo ni har Kano. Jikokina suna cewa ya fi duk ƙwallayensu kyau. In na zauna bayan sallah nakan fito da shi in murza, in zagaya, in sake zagayawa. Sumul yake ko'ina. Yatsana bai taɓa samun inda zai tsaya ba.